Amsar Wasiƙunku: Wane Irin Biki Ne Ugadi, Kuma Me Ake Karantawa A Ranar?

 A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Sauran waɗanda suka rubuto mana sai su yi haƙuri, takardunsu suna nan a ajiye, ba mu jefar ba.

Takardar ta fito ne daga wani dattijo ɗan kasuwa a Gusau, wanda ya roƙa kada a ambaci sunansa, mun kuwa amince. Alhaji ya ce yana da ɗa da ke karatun haɗa magunguna a birnin Haidarabad na ƙasar Indiya. To ran nan sai yaron ya bugo masa waya, ya ce masu gidan da yake haya sun yi wani biki da suke kira Ugadi, wai shi ne sabuwar shekararsu. Uwargidan ta kawo masa wani abu a ɗan kofi, mai zaƙi da ɗaci da tsami duk a haɗe, ya karɓa don kunya, har ya ɗanɗana. Da yamma kuma ya ga mutanen gidan kaf sun taru gaban talabijin suna sauraren wani malaminsu yana karanto abin da zai faru a cikin shekara. Alhaji ya ce tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Yana so ya san wane irin biki ne wannan, me aka ba ɗansa ya sha, kuma karatun nan da aka yi, shin duba ne ko kuwa? Ya ƙara da cewa shi dai a iyakar saninsa, daga abin da ya gani a finafinan Indiya tun yana saurayi, bikin kunna fitilu da ake kira Diwali shi ne sabuwar shekarar mutanen.

To Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, bari mu fara da wannan magana taka ta ƙarshe. Ba ka yi kuskure gaba ɗaya ba. Mutanen jihar Gujarat, waɗanda suka shahara wajen kasuwanci, kashegarin Diwali suke shiga sabuwar shekara, a nan ne ma 'yan kasuwarsu ke buɗe sabon littafin lissafi. Amma Indiya ƙasa ce mai faɗi, mabiya addinin Hindu kawai a ƙidayar shekarar 2011 sun kai kimanin miliyan 966, kuma ba su da rana ɗaya da suka haɗu a kanta suka ce ita ce farkon shekara. Bayan samun mulkin kai, gwamnatinsu ta kafa kwamiti a 1952 a ƙarƙashin wani masanin kimiyya mai suna Meghnad Saha don ya duba lamarin, sai kwamitin ya tarar da kalanda wajen 30 ana aiki da su a ƙasa guda. Aka fito da kalandar ƙasa a 1957, amma har yau jaridun gwamnati da gidan rediyo ne suka fi ambatonta. Talaka kuwa yana nan kan tasa ta gado.

Ugadi bikin mutanen kudu ne: jihohin Telangana da Andhra Pradesh, inda ake yaren Telugu, da kuma Karnataka. Haidarabad ɗin da ɗanka yake ita ce hedkwatar Telangana. A wannan rana ce kuma mutanen Maharashtra, watau jihar da Mumbai take, suke yin nasu da suke kira Gudi Padwa. Kalmar Ugadi ta fito daga kalmomi biyu na tsohon harshensu na ibada, Sanskirit: yuga, ma'ana zamani, da adi, ma'ana farko. Farkon zamani ke nan.

Yaushe ake yi? Ranar ɗaya ga watan da suke kira Caitra. Watansu kuwa irin namu ne, da jinjirin wata yake tafiya, sai dai akwai bambanci iri biyu. Na farko, su ba sa fita neman ganin wata da ido, lissafi suke yi. Da zarar lissafi ya nuna wata ya haɗu da rana ya fara wuce ta, to sabon wata ya kama. Na biyu shi ne babba. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365, saboda haka akwai giɓin kwana 11 a kowace shekara. Kalandar Hijira tana barin giɓin nan yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa, wata shekara cikin hunturu, wata shekara cikin bazara. Su Hindu sai suka ƙi yarda watanninsu su rabu da lokutan noma. Don haka kusan duk bayan wata 32 ko 33 sai su cusa wata guda na ƙari, shekarar ta zama mai wata 13. Ba da ka ake cusa shi ba, akwai ƙa'ida: duk watan da ya kama har ya ƙare rana ba ta tsallaka daga wani buruji zuwa wani ba, to wannan watan ƙari ne, sai a maimaita sunansa. Ga misali. A 2023 an yi Ugadi ran 22 ga Maris. A cikin damunar shekarar aka saka watan ƙari, sai bikin 2024 ya koma 9 ga Afrilu. A 2025 kuma ya ja baya zuwa 30 ga Maris. Haka yake ta lilo tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilu, ba ya fita daga nan.

Masu sauraro da ke da riƙon kwanan wata za su ce, af, 30 ga Maris na 2025 ai ranar Lahadin da aka yi ƙaramar Salla ce a Nijeriya. Haka ne. A 2024 ma kwana ɗaya ne tsakani, su Talata, mu Laraba. Ba wani abin ɓoye a ciki, jinjirin wata ɗaya ne kowa ya ɗora lissafinsa a kai. Da an ƙara 'yan shekaru Salla za ta yi gaba ta shiga hunturu, ta bar Ugadi a inda yake.

Yanzu sai ma'anar ranar a addininsu, kuma a nan ina faɗin abin da su suka yarda da shi ne, kamar yadda yake a littattafansu. Daga cikin manyan abubuwan bautarsu akwai uku: Brahma, wanda suke cewa shi ya fara halitta, da Vishnu mai kiyaye ta, da Shiva mai rushe ta. To a wurinsu, a wannan rana ta ɗaya ga Caitra, da hudowar rana, Brahma ya fara halittar duniya, kuma daga nan lokaci ya fara tafiya. Abin da ya kamata a gane shi ne, su ba su ɗauki lokaci a matsayin hanya miƙaƙƙiya mai farko da ƙarshe ba. Sun ɗauke shi kamar ƙafar keke, yana juyawa yana dawowa. Suna da zamani huɗu da ke bin juna. Na farko, zamanin gaskiya, shekara 1,728,000. Na biyu shekara 1,296,000. Na uku 864,000. Na huɗu, wanda suke kira Kali Yuga, zamanin lalacewa da husuma, shekara 432,000. Ka ga kowanne yana raguwa da kashi ɗaya cikin huɗu na na farkon, suna cewa haka nan nagartar mutane take raguwa. Idan ka tara su za ka sami 4,320,000. Irin wannan zagaye sau dubu shi ne yini guda a wurin Brahma. Sun ce yanzu muna cikin na huɗun ne, wanda ya fara a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, watau an ci shekara 5,100 da ɗoriya kawai, saura da yawa. Saboda haka idan Bahinde ya yi Ugadi, a zuciyarsa yana tuna ranar da aka tayar da wannan babbar ƙafar keke ne, yana kuma fata a sake masa sabon farawa.

Ƙidayar shekarun da suke bi a kudu kuma daban ce. Ana kiranta Shaka, ko Shalivahana, da sunan wani sarki da labaransu suka ce ya ci yaƙi a wannan rana. Ta fara a shekara ta 78 Miladiyya, don haka ka cire 78 kawai: Ugadin 2025 shi ya shigo da shekara ta 1947.

To ranar bikin me ake yi? Tun kafin ranar ake share gida a wanke. Da asuba kowa ya shafa man riɗi a jiki da ka, ya yi wanka, ya sa sababbin kaya. A ƙofar gida a rataya ɗanyen ganyen mangwaro da aka jera a zare. Mata su yayyafa ruwa a dandamalin ƙofa su yi zane-zane da farin gari, wani lokaci da launuka. A Maharashtra ƙari a kan haka suna kafa gora doguwa a taga ko a ƙofa, su ɗaura mata ƙyallen siliki mai haske, da ganyen dogon yaro da na mangwaro da furanni, su kifa ɗan tulun tagulla ko na azurfa a samanta. Ita ce gudi ɗin. Wasu su ce tutar Brahma ce, wasu su ce tunawa ce da komowar Rama birnin Ayodhya bayan ya ci yaƙi, wasu kuma su jingina ta ga nasarorin sarakunansu na Maratha. Akan yi gurasa mai cikin wake da mazarƙwaila, akan kuma yi taron mawaƙa inda kowa ke karanta sabuwar waƙar da ya tsara.

Sai abin da aka ba ɗanka, Alhaji. Sunansa Ugadi pacadi, kuma na tabbata babu abu ɗaya a cikinsa da ba ka sani ba. Abubuwa shida ne: mazarƙwaila sabuwa, da furen dogon yaro, da ruwan tsamiya, da ɗanyen mangwaro yankakke, da gishiri, da barkono. A dama su wuri guda, a sha da safe kafin a ci komai. Babu nama, babu giya, babu wani abu mai sa maye. Kowane ɗanɗano da abin da yake nufi: zaƙin mazarƙwaila farin ciki, ɗacin dogon yaro baƙin ciki, yaji fushi, gishiri tsoro, tsami ƙyama, baurin ɗanyen mangwaro kuma mamaki, watau abin da zai zo maka ba zato. Fassarar takan ɗan bambanta daga gida zuwa gida, amma manufar ɗaya ce: shekarar da za a shiga tana ɗauke da duk waɗannan, kuma ba a yarda ka tsame mazarƙwaila ka bar furen ba, sai ka haɗiye su tare. A Karnataka ma ba sa wahalar da kansu da shida, biyu kawai suke haɗawa, dogon yaro da mazarƙwaila, su kira shi bevu bella.

Ni kam, a duk cikin bikin nan babu abin da ya fi burge ni kamar wannan ɗan kofi. Dubi lokacin. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu, zafi ya fara, dogon yaro ya yi fure, mangwaro ya ɗaura 'ya'ya bai nuna ba, an sauke sabuwar tsamiya, an matse rake. Abin da ke bakin ƙofa a lokacin shi aka tattara aka ba shi ma'ana. Wanda ke zaune a Gusau ko Katsina ko Maraɗi, ya leƙa waje a wannan lokaci, abin da zai gani ke nan. Ba mamaki kuwa, domin shi kansa dogon yaro, ko darbejiya, ko maina, ko bedi, duk yadda kuke kiransa a garinku, asalinsa daga can yake. A zamanin mulkin Turawa aka kawo shi Afirka ta Yamma aka dasa a bakin tituna. Shi ma mangwaro ɗan can ne. Tsamiya ce kawai tamu ce ta Afirka, ita ta yi ƙaura zuwa wurinsu tun zamanin da.

Amma akwai abin da bai kamata in ɓoye maka ba, tunda shi ne ainihin abin da ya dame ka. A gidajen da ke riƙe da addini sosai, kafin kowa ya sha, sai an ɗebi pacadi ɗin an ajiye gaban siffofin abin bautarsu a ɗan ɗakin ibadar da ke cikin gida, an yi addu'a, sa'an nan a raba. Abincin da aka yi wa haka suna kiransa prasada. Wasu gidajen kuma damawa kawai suke yi a sha, a miƙa wa maƙwabta kamar yadda ake kai tuwon Salla. Zan dawo kan wannan a ƙarshe.

Mu zo ga karatun da yaron ya gani a talabijin. Sunansa Pancanga Sravanam, watau sauraren Pancanga. Pancanga littafi ne na lissafin shekara da ake bugawa duk shekara, ana sayarwa a kasuwa, kusan kowane gida da nasa. Ma'anar sunan ita ce gaɓoɓi biyar, domin abu biyar yake faɗa game da kowace rana. Na farko tithi, watau kwanan wata, amma ba irin namu na fitowar rana zuwa fitowar rana ba. Idan ka raba da'irar sama kashi 360, to duk lokacin da wata ya ƙara tsere wa rana da kashi 12, tithi guda ya cika. 12 sau 30 kuwa 360 ke nan, wata ya ƙare. Da yake gudun wata ba daidai yake ba kullum, tithi yakan yi gajarta har awa 19 da wani abu, yakan kuma yi tsawo har wajen awa 26. Wanda hudowar rana ta tarar shi ne kwanan watan wannan yini. Na biyu ranar mako. Na uku nakshatra, watau masaukin wata a cikin taurari. Sauran biyun, yoga da karana, lissafi ne da ake fitarwa daga matsayin rana da wata, ba sai mun tsaya kansu ba.

Masaukan nan na wata su 27 ne a wurinsu, wasu sukan ƙara ɗaya. Dattawanmu manoma da malaman zaure da ke ƙidayar taurarin damina sun san irin wannan, domin manzilolin da muka gada daga Larabawa 28 ne. Taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, su Indiyawa Krittika suke ce musu, kuma masauki ne a wurin kowa. Haka buruji 12: na farkonsu Mesha, ma'anarsa rago, shi ne Hamal na littattafan Larabci. Akwai sa, akwai zaki, akwai kunama, akwai ma'auni, duk iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne tushen guda ne, daga tsohuwar Babila ya bi ta hannun Girkawa ya shiga Indiya, ya kuma shiga wurin Larabawa.

Har zuwa nan lissafi ne zalla, irin wanda ko ɗan makaranta zai iya gwadawa. Daga nan ne abin ke shiga wani fage. Suna da taurari tara da suka ce su ke juya al'amuran mutane: Rana, da Wata, da Mirrihu jan tauraro, da Uɗaridu, da Mushtari, da Zuhura wadda muke kira Zara, da Zuhalu, sai wasu biyu, Rahu da Ketu. Waɗannan biyun ba taurari ba ne da za ka gani da ido. Wurare biyu ne inda hanyar wata ke gittawa da hanyar rana, inda ake samun husufi. Amma a labarinsu wani aljani ne da ya saci ruwan rai ya sha, Vishnu ya fille masa kai, kan ya zama Rahu, gangar jikin Ketu, shi ne yake bin rana da wata yana haɗiyewa don su suka tona masa asiri.

To a ranar Ugadi sai a naɗa wa shekara gwamnati daga cikin taurarin nan. Kada ku yi dariya, haka abin yake: da sarki, da waziri, da sarkin yaƙi, da mai kula da amfanin gona, da mai kula da hatsi, da mai kula da farashi, da mai kula da gajimare, har muƙami tara. Yadda ake zaɓen sarki ba wuya. Kowace ranar mako da tauraronta: Lahadi Rana, Litinin Wata, Talata Mirrihu, Laraba Uɗaridu, Alhamis Mushtari, Juma'a Zuhura, Asabar Zuhalu. Ranar da Ugadi ya faɗo a kanta, mai wannan rana shi ne sarkin shekara. Waziri kuma shi ne mai ranar da rana ta shiga burujin rago. A 2024 bikin ya faɗo Talata, rana kuma ta shiga rago ran Asabar, sai aka ce Mirrihu ne sarki, Zuhalu waziri. Da yake dukansu biyu ana ɗaukarsu taurari masu zafin hali, masu karatu suka yi ta gargaɗi. A 2025 kuwa Lahadi ce, Rana ta hau gado. Daga wannan jeri ne malamin zai ce damina za ta yi kyau ko ba za ta yi ba, hatsi zai yi tsada ko araha, za a zauna lafiya ko za a yi rigima.

Bayan na ƙasa baki ɗaya sai na kowane mutum. Kowa ya san burujin da wata yake ciki ranar da aka haife shi. Ga kowane buruji za a karanto lambobi huɗu: samu, da kashewa, da girmamawa, da wulaƙanci. Idan aka ce samunka ya fi kashewarka sai ka ga mutum yana murmushi, idan akasin haka ne 'yan'uwa su yi ta tsokanarsa har dare. Wannan wurin ne yara da manya suka fi jira. Gwamnatin jiha takan shirya nata karatun, jam'iyyun siyasa ma kowacce takan gayyato nata malamin zuwa ofishinta, kuma abin da jama'ar can suka daɗe suna yi wa dariya shi ne, da wuya ka ji malamin da ya ce wa jam'iyyar da ta gayyato shi za ta faɗi zaɓe.

Akwai kuma sunan shekara. Su kowace shekara da sunanta, sunaye 60 ne ke zagayawa, na farko Prabhava, na ƙarshe Akshaya. Me ya sa 60? Mushtari yana kewaye sama cikin kimanin shekara 12, Zuhalu cikin kimanin 30. Idan Mushtari ya yi zagaye biyar, Zuhalu ya yi biyu, shekara 60 ke nan, sun komo kusan inda suka taso. Zagayen da ake ciki a kudu ya fara ne a 1987, sai 2047 za a sake komawa kan sunan farko. Mutumin da ya cika shekara 60, sunan shekarar haihuwarsa ya dawo ke nan, sai 'ya'ya da jikoki su yi masa gagarumin biki, har a sake ɗaura musu aure shi da matarsa.

Sunayen nan suna da ma'ana, kuma mutane suna ɗora fata ko fargaba a kansu. Shekarar 2024 sunanta Krodhi, mai fushi. Ta 2020 kuwa Sharvari, kalmar da ke nufin dare. To Ugadin wannan shekara ya faɗo ran 25 ga Maris, daidai ranar da dokar kulle ta fara aiki a Indiya baki ɗaya saboda annobar korona. Aka yi bikin a ɗaka, ba taro ba ziyara. Mutane da yawa suka ce, kun gani ko, ai sunan ya faɗa. Ni kuwa da na ji haka sai na ɗauki alƙalami na cire 60 daga 2020. Abin da ya fito shi ne 1960. Ita ma Sharvari ce, shekarar da Nijeriya da Nijar da Cadi suka sami mulkin kai, aka kwana ana kiɗa. Suna ɗaya, a shekara ɗaya makoki, a ɗaya shagali. Bayan abu ya faru ba a rasa sunan da za a jingina shi a kai.

A Indiyar ma ba kowa ya yarda da wannan ɓangare ba. Lokacin da hukumar kula da jami'o'in ƙasar ta ce a 2001 a fara koyar da duban taurari a jami'a, masana kimiyya da dama sun tashi tsaye suka yi adawa, har magana ta kai kotun ƙoli, wadda a 2004 ta ƙi hana koyarwar. Ɗaya daga cikin masu adawar, Jayant Narlikar, babban masanin sararin samaniya da ya rasu a 2025, shi da abokan aikinsa sun shirya gwaji a birnin Pune a 2008. Suka ba masu duba ranaku da lokutan haihuwar wasu yara, suka ce a ware masu hazaƙa a makaranta daga masu larurar ƙwaƙwalwa. Sakamakon bai wuce abin da mai canke zai samu ba. Manomin Telangana kuma, duk da ya saurari Pancanga a watan Caitra, yana kasa kunne ga hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasar ke fitarwa a Afrilu, domin kusan rabin gonakin Indiya da ruwan sama suka dogara, ruwan kuwa sai wajen farkon Yuni yake shigowa ta gaɓar Kerala.

Wani ɗan ƙarin bayani ga ɗalibai. Na ce waziri daga ranar shigar rana burujin rago ake fitar da shi. Wannan rana, 13 ko 14 ga Afrilu, ita ce sabuwar shekarar wasu Indiyawan da ke bin rana maimakon wata: Tamil, da mutanen Bengal, da Assam, da Punjab, har ma da ƙasashen Nepal da Siri Lanka da Tailan. Amma masu duba na Turai sun ce rana tana shiga rago ne wajen 21 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita. Ina aka sami bambancin kwana 24? Malaminmu na labarin ƙasa a kwalejin horon malamai da katantanwa ya nuna mana. Ya murza ta a kan tebur ya ce mu duba yadda kanta ke layi tana cikin juyawa. Haka duniya take yi, sai dai layinta guda yana cin shekara wajen 26,000. Sakamakon haka ranar daidaituwar dare da yini tana zamewa daga taurari da kashi ɗaya cikin 360 duk shekara 72. Turawa suka bi daidaituwar, Indiyawa suka bi taurarin, tazarar da ta taru tun wajen shekara 1,700 da suka wuce ita ce wannan. Saboda haka mutum ɗaya sai ya zama rago a Landan, kifi a Haidarabad.

Ba yau aka fara yi wa mutanen nan irin tambayarka ba, Alhaji. Wajen shekara ta 1030 wani malami Musulmi, Al-Biruni, ya koyi Sanskirit, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafi sukutum a kan Indiya, inda ya yi bayanin zamunan nan huɗu da watan ƙari da zagayen shekara 60 ɗin da muka ambata. Tun kafinsa ma, a zamanin Halifa Mansur, an fassara littafin hisabin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza. Lambobin nan da kake rubuta lissafin shagonka da su, har da sifili, ta wannan hanya suka iso.

To mu koma kan ɗan kofi. Karatun talabijin, e, rabinsa lissafin kalanda ne, rabinsa duba ne, ba wani suna da za a sa masa, kuma babu wanda ya tilasta wa ɗanka zama a wurin. Abin sha kuwa na faɗa maka abin da ke ciki da yadda ake yi da shi a wasu gidaje. Hukuncin shan abin da aka gabatar a wurin bautar wasu ba na wannan fili ba ne, ka kai wa malaminka da wannan bayani a hannu, shi zai faɗa maka. Abin da zan iya cewa shi ne, uwargidan nan karamci ta yi wa baƙo, ba wani abu ta ƙulla masa ba. Yaron yana iya tambayarta cikin ladabi ko an kai shi ɗakin ibada, ko ya roƙa a ɗebar masa nasa tun a kicin, ko ya yi godiya ya ce addininsa bai ba shi ba. Ba za ta ji haushi ba, domin su kansu mutane ne masu dokokin abinci da yawa, wani ba ya cin nama, wani ko albasa da tafarnuwa ba ya taɓawa. Haidarabad kuma gari ne da sarakunan Musulmi suka mulka har zuwa 1948, cike yake da masallatai, an saba da juna tun kaka da kakanni.

Da fatan Alhaji ya gamsu, a kuma gaida ɗalibi idan ya bugo waya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardun da muka tsallake yau. A huta lafiya.